Flutter ko React Native, kuma ta ina zan fara gudu? Amsa ga wani ƙanena mai kodin

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan shekara 27 ne a nan Kano, na kusa shekara biyu ina koyon kodin, na iya HTML da CSS da JavaScript daidai gwargwado. Ina so in yi manhajar waya ta rubuta bashi da lissafin kaya saboda shagon babanmu da na maƙwabtansa a Kantin Kwari, amma wata huɗu kenan ina ta kai-kawo, wannan ya ce Flutter wancan ya ce React Native. Sannan zaman nan ya fara yi min illa, bayana na ciwo, tumbi ya fito, in na hau bene ɗaya sai haki. Na ji an ce kana fita gudu da safe. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, sai da na kwana uku ba na iya taka ƙafa. Dan Allah ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa neman albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da kasuwa. In na fahimce ka daidai abu biyu kake tambaya, da me za ka gina manhajar shagon, da kuma yadda za ka fara gudu ba tare da ka sake kwanciya ba. Na ji daɗi da ka haɗa su a saƙo ɗaya, don ni ma a tare suka zo min, na haura shekara goma ina rubuta manhaja ina ci da ita, gudu kuma shekara ta shida kenan, kuma abin da ya tura ni gudun shi ne dai wannan ciwon bayan da kake faɗa. Bari in fara da manhajar tunda ita ta cinye maka wata huɗu.

Maganar Flutter da React Native

Dukkansu biyun an yi su ne don magance matsala ɗaya. A da in kana so manhajarka ta yi aiki a Android da iPhone sai ka rubuta ta sau biyu, da harshen kodin na Java ko Kotlin a wannan ɓangaren, Swift ko Objective-C a wancan. Facebook suka fito da React Native a 2015, kana rubutu da JavaScript shi kuma yana amfani da maɓallai da akwatunan da wayar ta zo da su. Google suka saki Flutter na farko cikakke a Disambar 2018, harshensa Dart, shi kuma ba ya aron komai a wajen wayar, da kansa yake zana duk abin da kake gani a fuskar wayar, shi ya sa manhajar Flutter kamanninta ɗaya ko a wace waya. Kuma a nan bari in ɗan ratse, don na sha jin yara suna haɗawa, Flutter ba shi da wata alaƙa da kamfanin Flutterwave na biyan kuɗi, suna ne kawai ya zo kusa.

To wanne ya fi? Gaskiyar magana ga irin manhajar da kake son yi, wadda duk aikinta a rubuta sunan kwastoma, yadi nawa ya ɗauka, nawa ya biya nawa ya rage, babu ɗayansu da zai gaza maka. Musun da kake gani a intanet na wanne ya fi sauri, ana yin sa ne a kan abubuwan da Alhajin da ke zaune a shago ba zai taɓa lura da su ba. Abin da zai lura da shi shi ne ya danna ta buɗe, ya nemo sunan mutum ya fito, lissafi ya zo daidai.

Saboda haka ni in an tambaye ni ba kayan aikin nake fara dubawa ba, mutumin nake dubawa. Kai ka ce ka iya JavaScript. To ka riga ka biya rabin kuɗin shiga React Native, saura ka koyi React ɗin kansa, wato kayan aikin JavaScript na gina fuskar manhaja, wanda kuma zai yi maka amfani ko a aikin shafin intanet, ka ga jifa ɗaya ka samu biyu. In ka tafi Flutter sai ka fara da koyon Dart, ba wai yana da wuya ba, harshe ne mai tsafta kuma ni kaina ina jin daɗin rubutu da shi, amma a wajen Flutter ba kasafai za ka ga inda ake nemansa ba. Na biyu ka duba kwamfutarka. Android Studio, manhajar kwamfuta da ake gina manhajojin Android da ita, na cin RAM sosai, wato ma'ajiyar da na'ura ke aiki da ita a lokacin da take kunne, in taka mai 4GB ce kamar ta yawancin masu farawa, kana kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta za ta fara nishi, fanka na kuka, ga wuta ba tabbas. Da Expo kuwa, kayan aikin da aka gina a kan React Native, za ka saka manhajarsa Expo Go a wayarka ta hannu, ka haska lambar QR, manhajar ta buɗe a wayar, duk gyaran da ka yi a kwamfuta ka gan shi nan take. Shi ma Flutter ana iya haɗa shi da waya ta kebul a yi hakan, sai dai shirin farko ya fi nauyi da cin data. Don haka shawarata gare ka kai tsaye, ɗauki React Native da Expo. Da ka ce min ba ka taɓa JavaScript ba, ko kuma abokan da kuke zama tare duk Flutter suke yi, da na ce maka bi su, don wanda zai duba maka kuskure da ƙarfe goman dare ya fi duk wani bambancin fasaha daraja.

Kuma in ka zaɓa ka zauna a kai. Na taɓa yi wa wata makaranta manhajar karɓar kuɗin makaranta, aiki ya kai wajen kashi bakwai cikin goma, sai na yi ta karanta rubuce-rubucen masu cewa abin da nake amfani da shi ya tsufa, na rushe na koma wani. Wata uku na yi ina sake gina abin da da ma yana aiki, zangon karatu ya shigo ba a gama ba, akawun makarantar ya koma rasit na takarda, kuma har yau ina jin nauyin mutanen nan don sun yarda da ni ne suka ba ni aikin. Tun daga nan ba na canja kayan aiki a tsakiyar aiki sai in akwai abin da na tabbatar wanda nake kai ba zai iya ba.

Inda wahalar take da gaske

Abin da ya kamata ya hana ka barci ba sunan firemwok ba ne, wato kayan gina manhaja irin su Flutter da React Native, abubuwa ne irin waɗannan. Cikin Kwari, a ƙasan bene tsakanin dilolin atamfa da shadda, sabis yakan ɗauke ko ya yi rauni, kuma ba wanda zai tsaya jiran abu na juyawa a waya kwastoma na tsaye. Dole manhajarka ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta ajiye komai a cikin wayar, SQLite, wato ƙaramar ma'ajiyar bayanai da ke zama cikin wayar, ya ishe ka wannan, sannan in sabis ya dawo ta tura kwafi can sama. Kwafin nan kuwa ba abin wasa ba ne, littafin bashi ne fa, in waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta a adaidaita kuma babu kwafi, ka jawo rigima tsakanin Baba da mutanen da suka shekara ashirin suna hulɗa.

Kar ka taɓa bari a goge bashi ko a canja adadinsa a ɓoye. In an yi kuskure a rubuta sabon layi na gyara, da ranar da aka yi da wanda ya yi, kamar yadda ake soke layi a littafi amma ana iya karanta abin da ke ƙasa. Kuɗi kuma ka ajiye su a matsayin kobo, cikakkiyar lamba, kar ka yi amfani da lamba mai ɗigo, don a JavaScript in ka haɗa 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif zai ba ka ba, zai ba ka 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɗan ɓurɓushin in ya taru shi ke sa lissafin wata ya ƙi daidaita.

Ga wani kuma da ba za ka gani a koyarwar Turawa ba. Yaron shago zai rubuta Ɗanlami yau da ƙugiya, gobe wani ya nemo Danlami ba ƙugiya, manhaja ta ce babu wannan sunan, sai a buɗe masa sabon shafi, bashinsa ya rabu gida biyu. Dabarar da ake amfani da ita wajen cire alamomin saman haruffa irin na Faransanci ba ta aiki a kan ɗ da ƙ da ɓ, don a Unicode, tsarin da kwamfuta ke gane haruffa da shi, haruffa ne masu zaman kansu, sai ka rubuta da hannunka cewa wajen nema a ɗauki ɗ a matsayin d, ƙ a matsayin k, ɓ a matsayin b. Layi biyar ne na kod amma sai ya cece ka daga ciwon kai. Haka kuma a kasuwa Alhaji Sani ba ɗaya ba ne, ka sa wajen lambar waya da laƙabi ko garin da mutum yake zuwa daga shi.

Ka gwada a kan irin wayar da suke riƙewa, Tecno da itel da Infinix masu ƙaramin RAM, ba taka ba. Rubutu ya zama manya, maɓalli ya zama babba. Batun iPhone ka ajiye shi gefe tukuna, Apple na karɓar dala 99 duk shekara, Google kuwa dala 25 ne sau ɗaya, kuma ma a farko ba sai ka je Play Store ba, ka tura wa Baba fayil ɗin APK, wato fayil ɗin saka manhaja a Android, ya saka. Kafin duk wannan, je ka zauna a shagon kwana biyu ka kalli littafin da suke rubutu a ciki yanzu, yadda suka ja layukansu da abin da suke rubutawa a gefe. Fuskar manhajarka ta farko tana cikin littafin nan.

Yanzu gudu

Kwana ukun da ka yi ba ka taka ƙafa, kusan kowa da haka ya fara, ni ma ranar farko na fita da ƙarfina na yi ta gudu kamar ana bi na, sati bai cika ba ƙwaurina ya ɗauki ciwo, in na taɓa ƙashin sai in ji kamar an soka min abu, sai da na yi fiye da wata ban sake fita ba. Dalilin shi ne jiki ba a tare yake sabawa ba. Zuciya da huhu suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya daidaita, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sun fi su jinkiri sosai, watanni suke so. To a nan ake samun matsala, ƙirji na ce maka ƙara, ƙafa kuma ba ta shirya ba, kuma kai shekara biyu ka yi a kujera.

Tsarin da nake ba duk wanda ya tambaye ni shi ne wanda ake kira Couch to 5K, ma'ana daga kan kujera zuwa kilomita biyar. Wani Ba'amurke Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, kuma abin sha'awa shi ma ɗan harkarmu ne, an san shi da aikin tsara fasalin manhajoji. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ɗauki tsarin ta yi masa manhaja. Sati tara ne, fita uku a sati, da hutun kwana ɗaya aƙalla tsakanin kowace fita. Satin farko za ka yi tafiya mai ɗan sauri minti biyar don jiki ya yi ɗumi, sai ka yi sassarfa sakan 60, ka yi tafiya sakan 90, ka yi ta maimaitawa har minti 20. Sati na biyu sassarfa sakan 90 tafiya minti biyu. A haka ake ta ƙarawa, a ƙarshen sati na biyar za ka yi minti 20 ba tsayawa, wanda a yau in an faɗa maka ba za ka yarda ba, a sati na tara kuma minti 30. In wani sati ya yi maka nauyi ka maimaita shi, ba jarrabawa ba ce.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne saurin. Ka yi gudun da za ka iya magana a cikinsa, in wani ya yi maka sallama ka amsa masa cikakkiya har ka tambaye shi mutan gida ba tare da numfashi ya yanke ba. In ba ka iya wannan to ka yi sauri da yawa, rage. Za ka ji kamar kunya, za ka ga mai tafiya da ƙafa ya kusa kamo ka, yara 'yan makarantar allo na kallonka, kar ka damu, sati biyu kowa a layin zai saba da ganinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, ka ga fita uku ta rabin awa da ɗan tafiya a sauran ranaku ta kai ka wajen.

Lokaci kuwa, a garinmu bayan sallar Asuba babu kamarsa. Ka riga ka tashi, gari da sanyi, motoci da 'yan adaidaita ba su cika titi ba, hayaƙi bai taso ba. Ni da kayan gudun a jikina nake zuwa masallaci, wando dogo da riga mai sauƙi, takalmin na bar shi a bakin ƙofa, ana idarwa in na gama azkar sai in ɗaura in wuce, don na lura in na koma ɗaki na zauna a bakin katifa to ranar ta tafi. Ka jira gari ya ɗan waye yadda za ka ga rami da kwata, ka bi gefen da kake fuskantar motoci masu tahowa, kuma in ka sa abin ji a kunne ka bar kunne ɗaya a buɗe. In kana kusa da fili ko makaranta mai ƙasa a shimfiɗe ya fi kwalta sauƙi ga gwiwa.

Yanayi ma sai an yi masa dabara. Watan Maris zuwa Mayu zafin Kano na haura digiri 40 da rana, kar ka kuskura ka fita bayan hantsi, ka sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, ka duba fitsarinka, in ya yi duhu ruwa bai ishe ka ba. Lokacin hunturu kuma matsalar ƙura ce, ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, ka haƙura ka yi motsa jikinka a ɗaki. Da azumi ni nakan rage, in koma tafiya ko sassarfa kaɗan da dare bayan Tarawihi in abinci ya faɗa, wasu abokaina kuma sun fi son minti ashirin ɗin dab da shan ruwa, kowa da yadda jikinsa ke ɗauka, amma dai ba watan ƙara nisa ba ne.

Takalmi ba sai ka sayi mai tsada ba. Gwanjo mai kyau a Kofar Wambai ya isa, ka juya ƙasansa ka tabbatar bai cinye ta gefe ɗaya ba, ka danna tsakiyar ka ji da sauran laushi, ka sa shi da safa ka bar kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsunka da bakin takalmin don ƙafa na ɗan kumbura in ana gudu. Silifas da takalmin ƙwallo mai ƙusa a kan kwalta kam a'a. Agogo mai GPS da manhajojin auna gudu irin su Strava duk ka bar su sai gaba, agogon wayarka ya isa ƙirga sakan 60, na ga mutane da yawa sun yi wata suna binciken wane agogo za su saya ba su taka ko mita ɗari ba, irin dai wata huɗun da ka yi tsakanin Flutter da React Native.

Tumbi da bayan

A nan sai na faɗa maka gaskiya don kar ka karaya a wata na biyu. Gudu kaɗai ba ya saurin sauke tumbi. A ƙiyasi mutum na ƙona kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, wato mai kilo 80 in ya yi kilomita biyar ya ƙona wajen 400, lemon kwalba na roba mai 50cl guda biyu sun mayar da shi. Mu masu kodin kuma ka san halinmu, lemo a gefe, indomi da ƙwai ƙarfe ɗayan dare, shayi da sukari cokali huɗu. In ka rage waɗannan ka ga canji, gudun kuma zai ba ka abin da sikeli ba ya nunawa, numfashi, barci mai nauyi, da kai mai sauƙi in ka zauna aiki. Kuma dole ka daina raba dare, ba za a yi kodin har ƙarfe biyu a tashi Asuba a yi gudu ba, jiki a cikin barci yake gyara abin da gudu ya motsa.

Ciwon baya kuwa yawanci daga zaman ne, musamman in a kan katifa kake aiki ka tanƙware a kan laftof. Samu tebur da kujera, ɗora laftof ɗin a kan littattafai har saman fuskarsa ya zo daidai idonka, ka sayi kibod da linzami na waje, ka riƙa miƙewa duk rabin awa ko minti arba'in ko da zagaya tsakar gida ne. Sau biyu a sati ka yi tsuguno da miƙewa sau goma-goma, ka kwanta rigingine ka ɗaga ƙugu sama, ka kifa ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa ka riƙe sakan ashirin ko talatin.

Sai dai ni mai rubuta manhaja ne da ke gudu, ba likita ba ne, kuma ban gan ka ba. Kafin ka fara ka je a auna maka hawan jini da sukari, ba shi da tsada. In kana da asma, ko sikila, ko ciwon zuciya a gidanku, ka fara ganin likita ya faɗa maka iyakarka, musamman sikila don ƙishirwa da wahalar jiki na tayar da ita. In kana cikin gudu ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, tsaya nan take ka nufi asibiti. Shi ma bayan, in ciwon na sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ko ƙafar na mutuwa, ko yana tashinka daga barci, wannan ya wuce gyaran kujera. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan fita ba komai ba ne, amma ciwo a wuri ɗaya a kan ƙashi wanda ke ƙaruwa in kana gudu, ka huta, in ya wuce sati biyu a duba shi.

In ka kai sati na uku ka rubuto min yadda ƙwaurin yake, ka haɗo min da hoton shafi ɗaya na littafin shagon, ka rufe sunayen mutane, sai mu zauna mu fitar da teburan bayanan SQLite ɗin tare. Ka gaishe min da Baba.